Sawun Harafi

Tsintsiyar aka fara gani, yashe a tsakiyar kwalta, ƙotarta ta karye biyu. Mai ita kuwa tana can bakin kwata a kwance, takalminta ɗaya ya yi nasa wuri. Matar da ke share babban titin unguwar ce, wadda kowa ke wucewa ta gabanta kowace safiya amma da wuya a sami wanda zai iya cewa ga yadda muryarta take. Mota ce ta kwashe ta gari bai gama wayewa ba, ta ƙara gaba abinta. Aka kai ta asibiti, kafin rana ta take ta cika.

Mutum ɗaya ne ya ga motar, mai gidan burodin da ke bakin kwana. Shi kuwa Allah bai yi shi da rowar magana ba. Tun matar na kwance a ƙasa yake faɗa, ya faɗa wa na kusa, ya ɗaga murya don na nesa.

"Ƙaramar mota ce, ruwan toka. Lamba dai ban gani ba. Amma a bayanta akwai wasu haruffa, na ƙarshen ja ne, kamar almakashi a buɗe."

Kafin hantsi maganar ta zaga unguwa, ta je ta tsaya a ƙofar shagon tela. Ga ƙaramar mota ruwan toka a fake, bayanta na kallon titi, jan harafi na sheƙi a jikin but, ga kuma bambar gaba a lotse. Wani ya tambayi telan ko harafin nan ya daɗe a wurin. Tela ya fito da tef a wuya, ya gyara tsayuwa.

"Da shi na saye ta," in ji shi. "Ai cikakkiya ce, ba irin ta kowa da kowa ba."

Ya faɗa ne kafin ya san dalilin tambayar. Almakashi a bayan motar tela, me kuma ake nema? Nan take mutane suka tuna sun daɗe suna ganin harafin, suka tuna tuƙinsa na ganganci, har aka sami wanda ya tuna tun yana yaro idonsa a tsaitsaye yake. Da 'yan sanda ba su iso da wuri ba, da babu abin da za a kai kotu.

*

Uban matar telan shi ne mutumin da ake kira Duba-ƙasa. Sana'arsa bin sawu. A ƙuruciyarsa shanun sata yake bi cikin daji, da ɓarayin da suka haura katanga. Da gari ya faɗaɗa ya haɗiye dajin, aka zuba kwalta da siminti ko'ina, sai aikin ya ja baya, don kwalta ba ta riƙe sawu. Duk da haka 'yan sanda kan aiko masa in abu ya cije musu. Tafiya yake kai a sunkuye, har baƙi kan ɗauka kunya ce ta yi masa yawa, alhali ba ya cikin masu ita. Mota bai taɓa mallaka ba, bai kuma damu ba. A wurinsa ƙananan motoci duk ɗaya ne, kamar ƙwai a kwando.

'Yarsa ta same shi yana ɗinke takalminsa. Ta zauna a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Baba, ba shi ba ne. Yana kwance yana minshari har rana ta fito. Ni na tashe shi."

"Kin faɗa wa Saje?"

"Na faɗa. Ya ce kowace mata haka take cewa."

"Bai yi ƙarya ba."

"Haba, Baba."

Duba-ƙasa bai taɓa ƙaunar surukin nan nasa ba, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Mutum ne mai cika baki, mai wanka da turare, wanda in ya ɗinka riga ɗaya sai ya ba da labarin goma. Amma cika baki daban, kisa daban. In aka tabbatar masa da laifin nan, jikokinsa za su girma suna kai wa ubansu abinci gidan yari.

"Bambar fa? An ce a lotse take."

"Ginshiƙin ƙofar gida ne, tun bara. Duk layin sun ji ƙarar, yanzu duk sun manta." Ta share hawaye da bayan hannu, haushi ya taso ya danne kukan. "Motar da ko gilashinta sai ka yi ta murɗawa da hannu, mariƙin ma ya fito ya bi ka, ita yake yi wa kirari dare da rana. Yau da safe ma da ya gama wanke ta, waƙa ya shigo yana yi. Ban tambaye shi dalili ba, na gaji da zancen motar nan."

Duba-ƙasa ya ciji zaren ya tsinke, ya sa takalmin ya tashi.

*

Saje, ɗan sandan da ke riƙe da maganar, mutum ne mai haƙuri, ƙafafunsa ne kawai ba su da shi, don haka ya sami dutse ya zauna a bakin titin yana kallon tsohon yana aiki.

"Malam, ni ba ni da wata gaba da surukinka. Amma ga launi, ga harafi, ga bamba, ga shi kuma da bakinsa ya amsa. Me kake so in yi?"

Jama'a sun tattake wurin kamar an ci kasuwa. Sai dai can gaba kaɗan, inda motar ta kauce ta hau 'yar rairayin gefen titi bayan ta yi ɓarnar, taya ɗaya ta bar shaida. Duba-ƙasa ya durƙusa ya ɗora hannu a kai. Faɗin tafinsa da yatsa biyu. Daga nan ya koma kan sharar da matar ta tara ba ta samu kwashewa ba, ya yi ta tonawa da tsinke. A cikinta ya tsinci ɓallen gilashi mai kauri, mai 'yar lanƙwasa, bai fi farcen babban yatsa ba. Ya ƙulle a hankici.

A harabar ofishin 'yan sanda ya auna tayar motar tela. Faɗin tafi da yatsa ɗaya. Fitilunta kuma lafiya lau, ko tsagewa babu.

"Yatsa ɗaya, Malam?" in ji Saje. "Alƙali ba ya awo da yatsa. Rairayi ai buɗewa take. Gilashin nan kuma wa ya san tun yaushe yake kan titi?"

Gaskiya ya faɗa, Duba-ƙasa ma ya sani.

Motoci irin wannan, masu wannan launi, uku ne a unguwar. Ta farko ta tela ce. Ta biyu ta wata mata ce mai koyar da tuƙi, kuma fitilarta ta hagu a fashe take. Da tsohon ya ga haka har zuciyarsa ta ɗan motsa. Matar ta fito tana goge hannu, ta gan shi tsugune gaban motarta.

"Ɗalibata ce ta gaisa da bishiya, Baba. In kana so in kai ka ka ga bishiyar, ita ma tana jinya."

Ya gwada ɓallen da ke hankicinsa da bakin fitilar. Tata roba ce sirara, nasa gilashi ne. Ga kuma ƙaton allon makarantar tuƙi a kan rufin motar, an ɗaure shi da ƙusoshin da suka yi tsatsa a wurin. Mai burodi da aka tambaye shi sai da ya ji haushi.

"Allo? Mutumin da ya ga harafi ɗan mitsitsi ne zai kasa ganin allo? Ba ita ba ce."

Ta uku kuwa ta yayan telan ce, mai kemis, wanda suke gida ɗaya da shi.

*

A ofishin 'yan sanda aka fito wa Duba-ƙasa da tela daga bayan kanta. Ba tef a wuya, ba ƙamshi, leɓensa na sama a fashe. Ya durƙusa ya gaishe da surukinsa.

"Tashi. Harafin nan na bayan motarka, tun yaushe?"

"Da shi na saye ta, Baba."

"An ce da safe ka shiga ɗaki kana waƙa."

"Ni kullum ina waƙa."

"Matar ta mutu, ka sani? Ba zancen tara ake ba."

"Na sani."

"To, tun yaushe?"

Tela ya dubi bango. "Da shi na saye ta."

Duba-ƙasa ya sha jin ƙaryar surukin nan nasa, ya san yadda take fitowa: da armashi, da ɗaga gira, da ƙarin gishiri. Wannan kuwa a bushe ta fito, kamar mai karanta abin da wani ya rubuta. Da safe don alfahari ya faɗe ta. Yanzu alfaharin ya tafi, amma bai sauke ta ba. Tsohon ya fita yana tunanin don wa ake ɗauke da ita.

*

Mai kemis kishiyar ƙaninsa ne a komai. Ba ya dariya da ƙarfi, ba ya sa tufa mai kala, shi ake kira in an yi faɗa a layi. Shi ya riƙe gidan tun rasuwar ubansu, shi ya kai ƙanin koyon ɗinki da ya ƙi karatu. Duba-ƙasa ya tsaya a ƙofar shagon bai yi sallama ba tukuna. Mutumin na riƙe da kwalin magani dab da hancinsa yana jujjuya shi wajen hasken taga. Ya ɗago ya dubi ƙofa.

"Me za a ba ka?"

"Ni ne."

"Af, Baba. Bismillah, shigo. Hankalina ne ba ya jikina. Na riga na yi magana da lauya, in Allah ya so ba za a tsananta masa ba. Yaro ne, tsautsayi ne."

"Ka yarda shi ne ke nan?"

"Ban ce ba. Amma ka san tuƙinsa."

"Taka motar fa?"

"Tana gida ƙarƙashin tamfol, ta yi watanni. Batir ya mutu. Shago ga shi nan kusa, me zan yi da mota?"

"Iri ɗaya ce da tasa?"

"Ƙaramar mota ai ƙaramar mota ce, Baba. Tare muka sayo su, duk na hannu ne."

Wannan magana ta yi daidai da ra'ayin Duba-ƙasa, shi ya sa ma ya yi zarginta. Ya biya ta gidan. Tsakar gida siminti ce, ruwan wankin mota ya wanke ta tas. Motar na can gefe a lulluɓe, an danne gefen tamfol ɗin da bulo. Kowane bulo yana kusa da inda ya saba zama, amma ba a kai ba, don ga tabon tsohon mazauninsu nan a siminti. Uwar 'yan'uwan biyu tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi tana kallonsa. Ya gaishe ta, ya yi mata jaje, ya fita bai taɓa komai ba.

*

Duba-ƙasa yana da wani tsohon aboki dillalin motoci, mutumin da zai iya sayar maka da motarka ka yi masa godiya. Washegari ya same shi a filinsa cikin motoci jere-jere, ya kwance hankici.

"Gilashin mene ne wannan?"

Dillali ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya. "Fitilar hazo. Zo ka gani." Ya ja shi gaban wasu ƙananan motoci biyu. "Kai a idonka ɗaya ne, ko?"

"Ɗaya ne mana."

"Shi ya sa har yau kake tafiya a ƙasa. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, inji ɗaya, amma aji uku ake yin su. Akwai tsura, akwai ta tsakiya, akwai cikakkiya. Tsura haruffa biyu ne a bayanta. Cikakkiya uku ne, na ƙarshen ja."

"Ke nan in na ga jan harafi na ga cikakkiya."

Dillali ya yi dariya har da riƙe ciki. "Harafi? A kwano ake zuba su wajen 'yan gwangwan masu sayar da tarkacen mota. Rabin jajayen haruffan garin nan ƙarya suke. Ni kaina, Allah ya yafe mana." Ya ƙwanƙwasa ƙofar motar farko. "In kana son gaskiyar mota, bar bayanta, dubi jikinta. Leƙa. Ka ga mariƙin murɗa gilashi? Tsura ke nan. Waccan maɓalli ake dannawa. Dubi gilashin baya, wannan ba waifa, waccan akwai. Wannan murfin roba aka rufa wa ƙafafunta, waccan ƙarfe ne ainihi, tayarta ma ta ɗan fi faɗi."

"Da kamar yatsa?"

"Kamar haka. Sannan sunkuya, ai ka saba. Ƙasan bamba, ka ga 'yan fitilu biyu a waccan? Su ne na hazo, daga irinsu ɓallenka ya fito. A tsura baƙar roba ce ta toshe gurbin, kamar ido a rufe."

Duba-ƙasa ya tuna 'yarsa da mariƙin da ke fitowa ya bi mutum. Motar surukinsa tsura ce ke nan. Amma wannan bai isa ba. Saje zai ce mai burodi harafi ya gani, ba maɓalli ba, kuma harafin a motar tela yake.

Yana zagaya motocin kai a sunkuye, rana ta karkata, sai idonsa ya tsaya a bayan wata tsohuwar shuɗiya can ƙarshen layi. Babu harafi ko ɗaya a jikinta, duk sun zube. Amma ga su nan, ana iya karanta su. Rana ta cinye fentin ko'ina, ta bar wanda ke ƙarƙashinsu da duhunsa. Ya bi siffar ɗaya da yatsa.

"Wannan yana goguwa?"

"Ko da sabulun duniya. Sai dai a sake fenti."

Tsohon ya daɗe a tsaye. Shekara da shekaru yana kukan kwalta ta kashe masa sana'a, ashe sawun ya tashi daga ƙasa ne ya hau bayan mota.

*

Ya roƙi Saje a taru a tsakar gidan 'yan'uwan in rana ta yi sanyi, don sawu ba ya son rana tsaka, sai haske ya zo masa a kaikaice. Aka kawo motar tela daga ofis aka ajiye kusa da mai tamfol. Aka kawo shi kansa telan da ankwa. Mai kemis ya rufe shago ya zo, ya tsaya kusa da uwarsu. Ga matar tela, ga mai burodi, ga mai koyar da tuƙi wadda ta ce tun da an zarge ta sai ta ga ƙarshe, ga dillali. Ɗan marigayiyar, wani magidanci mara magana, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da rabin tsintsiyar uwarsa. Maƙwabta kuwa sun yi layi a kan katanga.

Duba-ƙasa ya ce wa dillali ya zagaya motar tela ya faɗi abin da ya gani. Dillali ya leƙa ciki, ya shafa gilashin baya, ya sunkuya gaban bamba.

"Mariƙin hannu. Ba waifa. Ba fitilar hazo, ba a ma taɓa sa mata ba. Tsura ce, tsurar tsura."

Aka yi dariya daga kan katanga. Tela ya sunkuyar da kai. Ankwa ba ta sa shi sunkuyawa haka ba.

Tsohon ya sa farce ƙarƙashin jan harafin ya ɗaga. Harafin bai yi gardama ba, ya taho. A bayansa ba gam ɗin kamfani ba ne, filasta ce irin ta ɗaure ciwo, an ninka ta an manna. Fentin da ke ƙarƙashi kuma ya koɗe daidai da na kewaye.

"Wannan harafi baƙo ne a nan," in ji shi. "Ko kwana bai yi ba aka kama motar. Wa ya ba ka?"

Tela ya kau da kai.

"Ni na saya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na manna."

"Tela da gam iri-iri a shago, ya manna da filasta? To. Saje, a ɗage tamfol."

Mai kemis bai hana ba. Shi da kansa ma ya ture bulo ɗaya da ƙafa. Motar ta fito ruwan toka, tsaf-tsaf. A ƙasan bambarta ramuka biyu ne a buɗe, an cire fitilun, an naɗe bakin wayoyin.

"Sun daɗe da lalacewa, na cire su," in ji shi a natse. "Ban san ajinta ba, ni ba dillali ba ne. Wanda ya riga ni mallakarta ya yi mata ƙare-ƙare, ina ruwana? Mai burodi jan harafi ya gani. Ku zo ku duba bayanta."

Shi ya shige gaba. Ya tsaya a bayan motar ya nuna but ɗin da hannu.

"Ga ta. Haruffa biyu ne, kamar tasa. Haka na saye ta."

Kowa ya zuba ido. Rana ta sauko ta bugi but ɗin a kaikaice. Kusa da haruffan biyu an goge wuri da kyau har yana ƙyalli, kuma a tsakiyar gogaggen wurin ga almakashi nan a buɗe, da duhun fentinsa, a fili kamar an zana da alƙalami. Na kan katanga ma suna hango shi. Mai burodi ya buɗe baki, karon farko ya rufe bai ce komai ba.

Mai kemis ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Me kuke kallo?"

Ya juya ya ƙura wa but ɗin ido, ya matsa kusa, ya ƙara matsawa har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen. Sai a nan ya gani. Duba-ƙasa ya miƙa hannu ya ɗora jan harafin a kan sawun. Ya zauna daram, ko gefe bai rage ba.

Uwarsu ta ajiye carbi a cinyarta.

Mai kemis ya zauna a kan bulo. Da ya fara magana, a muryarsa ta kullum ya yi ta, irin wadda yake faɗa wa mutane yadda za su sha magani.

"Idona ne. Ya daɗe yana tafiya, ban faɗa wa kowa ba. Wa zai karɓi magani daga hannun wanda ba ya ganin rubutun kwali? Na fito da ita da sassafe, titi ba kowa, in gwada ko da sauran abin da ya rage mini. Na ji na taka wani abu. Na ɗauka buhun shara ne."

"Buhun shara," in ji ɗan marigayiyar daga bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Na dawo na rufe ta. Sai na ji masu wucewa suna zancen jan harafi. Na ɓamɓare shi, niyyata in jefa a kwata. Na juyo sai ga shi nan yana wanke tasa." Bai dubi ƙanin ba. "Ya daɗe yana roƙona shi da wasa."

"Ka san inda zai je da shi ya faka," in ji Saje.

Mai kemis bai musa ba.

Saje ya ciro makulli ya kwance ankwar daga hannun ƙani. Da ya nufi yayan da ita, tela ya riƙe hannun rigarsa.

"Saje, don Allah kar a sa masa a gaban Inna. Zai bi ku. Ku dai riƙe masa hannu, akwai dakali a ƙofa, ba ya ganinsa."

Haka aka yi. Mutanen kan katanga suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin su kai gida da yawansu sun tuna sun daɗe suna zargin mai kemis.

*

Tsakar gida ta watse. 'Yar Duba-ƙasa ta kama surukarta ta shigar da ita ɗaki. Tela na tsaye a bayan motarsa yana kankare ragowar filasta da farce, abin ya ƙi fita.

"Tun yaushe ka gane?" in ji tsohon.

"Tun a motar 'yan sanda, Baba."

"Kai da 'ya'ya, da mata. Da ka tafi gidan yari a kan harafi."

Tela ya ci gaba da kankara. Bai ɗago kai ba ya amsa.

"Da hannunsa ya manna mini. Ya ce ungo, ka daɗe kana so. Ya dafa kafaɗata." Ya daina kankarar. "Tun da babanmu ya rasu yake ciyar da ni, yake tufatar da ni, ban taɓa rasa komai ba. Amma ranar ce kaɗai ya taɓa ba ni abu yana murmushi."

Duba-ƙasa ya dubi ƙasa, inda ya saba samun amsa, bai ga komai ba sai siminti. Tausayin mutumin nan ya kama shi, abin da bai taɓa zaton zai ji ba.

"Ƙafata ta gaji," ya ce. "Kai ni gida."

Bai taɓa shiga motar ba sai ranar. Cikin motar da zafi, ya kama mariƙin ya murɗa don ya sauke gilashi, mariƙin ya fito ya biyo hannunsa. Ya riƙe shi a cinya. Tela ya tuƙa a hankali, ya rage gudu sosai da suka zo bakin kwana, inda sharar ranar take a tare har yanzu. Har suka isa gida telan bai faɗi kalma ɗaya a kan motar ba.